Shinkafa Mudu Goma

"Maimaita," in ji Haladu. "Maimaita abin da ka faɗa a kan mai tsaron gidanmu."

Na'ibi bai ko ɗago ba. Ya gutsuri asida, ya dangwala a miya, ya kai baki. Sai da ya haɗiye sannan ya ce shi bai faɗi wani mugun abu ba, shawara ce ya bayar. Da 'yan ƙwallon Ittihad za su kwance tankin ruwan da ke bayan motar Haladu su girke shi a bakin raga, da sun huta, don shi tanki ko ba komai ba ya fita yawo ana tsakar wasa.

Dariya ta tashi daga gahwar Amm Saleh, shagon shayin da ke tsallaken lungu. Taku bakwai ne tsakaninta da tabarmar da su biyun suke zaune, kuma duk wanda ke kan benci yana shan shayi a wurin, kunnensa na kan tabarmar nan. An saba. Duk ranar da aka buga ƙwallo, bayan Magariba akwai wani wasan a ƙofar gidan Haladu, shi kuma ba a yankar masa tikiti.

Shekara goma sha tara ke nan suna ciyayya. Haladu haifaffen Jidda ne, kakansa ne ya zo da ƙafa daga Haɗeja bai koma ba. Sana'arsa tuƙin wayit, motar da ke raba ruwa gida-gida a unguwannin da famfo bai kai ba. Na'ibi kuwa daga Sudan ya tsallako yana saurayi, walda yake yi a wani gareji can Khumra. Katanga ɗaya ta raba gidajensu a unguwar Sabil. Kullum in an sallame Magariba, Dela matar Haladu ta miƙo tuwo da miyar kuka, Mastura matar Na'ibi ta miƙo asida da irin miyar kuɓewar mutanen Sudan, a juye a tire guda, kowa ya ci na gidan ɗan'uwansa fiye da na gidansa.

Abu ɗaya ne bai taɓa haɗa su ba. Haladu Ittihad yake yi tun yana hawa katangar fili ba takalmi, har tankin motarsa ya sa aka yi wa fenti ruwan ɗorawa da baƙi. Na'ibi ɗan Ahli ne, kore shar. Da can abin da sauƙi, sau uku ko huɗu a shekara ake tsiyar. To bara aka fara gasar ƙasa baki ɗaya, wadda ake jera ƙungiyoyi a jarida kowane mako, wane a sama, wane a ƙasa. Tun daga nan tsiyar ta koma ta kullum. Bana kuma Ahli ce a kan Ittihad.

Haladu ya ce Ahli ƙungiyar masu kallo daga inuwa ce, masu tafi kamar an gayyace su bikin da ba su san amarya ba. Ittihad kuwa ta 'yan dako ce da matuƙa jirgin ruwa da duk wanda ya san zufa. Ban da haka ma ta girme su. Ranar da aka kafa ta, su Ahli ko ƙwallon tsumma ba su fara ɗaurawa ba.

Na'ibi ya ce in da tsufa ke cin ƙwallo, da Amm Saleh ne kyaftin.

Gahwa ta sake ɗauka, har da shi Amm Saleh ɗin. Ranar kuwa an yi gumi irin na bakin teku, wanda riga ke manne wa mutum a baya, ga Haladu ya wuni layin ɗiban ruwa, ga abin da rediyo ya yi masa da La'asar. Ya ji dariyar ta shige shi ta inda bai shirya ba. Ya zare hannunsa daga tire, ya ɗaga shi sama da miyar a jiki, yadda kowa zai gani.

"Wallahi tallahi, hannun nan ba zai sake shiga tire ɗaya da naka ba sai ranar da Ittihad ta hau kan Ahli."

Lungun ya yi tsit. Ko cokalin shayi ba ka ji.

Na'ibi ya dube shi, ya dubi hannun. Sannan ya jawo tiren gabansa, ya kira Haladu da laƙabinsa, ya ce, "To Allah ya ba ka tsawon rai, Abu Mahmud."

A daren farko Haladu bai ga wata matsala ba. Maki uku ne tsakani. Wasa biyu, in Allah ya so, magana ta ƙare, ya koma tire da kai a sama.

Washegari aka shimfiɗa tabarma biyu. Mastura ta aiko da saƙo ta bakin Dela cewa ita ba da asidarta aka yi rantsuwa ba, saboda haka ga kwanon Abu Mahmud daban. Dela ita ma ta miƙa na Na'ibi daban. Abincin dai shi ne, ba abin da ya ragu, gishiri ma daidai. Amma Haladu ya ci loma biyar ya ji ya ƙoshi. Rantsuwar ba ta hana magana ba, sai dai ya gano mutum biyu masu kwano biyu ba su da abin cewa da yawa. Yaya aiki, lafiya lau. Yaya zafi, sai godiya. Bayan mako guda ya ce sauro ya dame shi a waje, ya koma cin abinci a tsakar gida, yana jiyo sautin tiren Na'ibi ta kan katanga.

A gahwa kuwa ya zama gwarzo. Benci biyu ne dogaye a wurin, na dama na 'yan Ittihad, na hagu na 'yan Ahli, Amm Saleh a tsakiya da butarsa, shi ya ce Wahda ta Makka yake yi don tausayi. Othman tela shi ne bakin bencin dama. Duk baƙon da ya zauna sai ya nuna masa Haladu, ya ce ga namiji, wasu baki kawai suke ba ƙungiya, wannan cikinsa ya ba ta. Aka bar masa kan benci, wurin da iskar fanka ta fi kaiwa.

Kowa a wurin ya san abin da ke damun Ittihad, sai dai ba mutum biyu da suka yarda da abu ɗaya. Othman ya ce yawan gajerun fasin nan ne, ƙwallo a doka ta gaba a bi ta da gudu kamar yadda aka gada. Wani ya ce a'a, 'yan bayan ne suka cika ladabi, mai tsaron baya na gaskiya ba ya ba abokin gaba hannu in ya faɗi. Wani ya ce a jira ƙungiyoyin Riyad su sauko bakin teku, gumin Jidda kaɗai ya ishe su kafin a je hutun rabin lokaci, daga nan lissafi zai juye. 'Yan bencin hagu su nasu mai sauƙi ne: Ahli na wasa kamar ɗinkin hannu, zare ba ya tsallake zare, kuma wanda ke ƙasa shi ke da dogon bayani. Haladu ba ya yawan sa baki. Yakan ce dai kakar da sauran tafiya.

Aka buga wasa biyun da yake jira. Tazarar ba ta motsa ba. Aka buga na uku, ta ragu da ɗaya, ya kwana da murna. Sannan watan Hajji ya kama, aka dakatar da gasar gaba ɗaya har sai alhazai sun watse.

Wannan bai zo masa a rai ba ranar da ya ɗaga hannu. Shi da aka haifa a garin nan, wanda kowace shekara yake kwana a kan sitiyari yana kai ruwa masaukin alhazai. Makonni suka shige ba a taɓa ƙwallo ba, jerin da ke jarida ya tsaya cak kamar an kafe shi da ƙusa. Ranar Babbar Sallah ya ci naman layyarsa shi kaɗai a tsakar gida. Dela ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin wanda ya ɗaure kansa ya kuma jefa mabuɗin a teku ba.

Bayan Hajji aka dawo wasa. A makon ne, wata safiya yana ɗaura takalmi, Dela na tsince shinkafa a faranti, ta ce ko ya ji su Mastura za su tashi. Kafilin Na'ibi, ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, ya sami aiki a Yanbu, inda ake sababbin gine-gine a bakin ruwa, zai kwashe masu waldarsa duka. An ba su gida can. Saura kwana goma sha biyu.

Haladu ya gama ɗaura ɗaya, ya koma ɗayan. Ya ce Yanbu ai ba nisa.

Dela ta ce haka ne, sai dai ba ta san ko tuwo zai kai can da zafinsa ba.

Ya fita. Ranar sau biyu yana wuce gidan da ya kamata ya sauke wa ruwa. Abin da ya fi cin sa shi ne ba daga bakin Na'ibi ya ji ba. Da suna tire ɗaya, da tun ranar da kafilin ya fara zancen ya sani, da har ya ba da shawarar da ba za a bi ba.

Ran Alhamis da La'asar Ahli ta buga da wata ƙungiya daga gabas. Amm Saleh ya ɗora rediyo a kan akwatin lemo, benci biyu suka cika. Haladu yana kan nasa yana lissafi a zuci: in Ahli ta faɗi yau, Ittihad ta ci gobe, mako mai zuwa kuma aka sake haka, to zai yiwu kafin motar kaya ta zo. Ana cikin haka mai sharhi ya ja dogon ihunsa. Ahli ta ci. Bencin hagu ya tashi tsaye gaba ɗaya, wani ya jefa hularsa ta maƙale a fanka.

Mutum ɗaya ne bai tashi ba. Na'ibi yana zaune a ƙarshen benci, kofin shayi a hannu. Haladu ya ga leɓensa ya motsa. Tsaki ya yi. Ɗan ƙarami, ba wanda ya ji, amma tsaki ne. Sai da na kusa da shi ya daki kafaɗarsa sannan ya ɗaga hannu ya yi tafi biyu kamar mai korar ƙuda.

Haladu ya kawar da kai. Shekara goma sha tara bai taɓa ganin mutumin nan ya zauna Ahli na cin ƙwallo ba, ko ranar da yake zazzaɓi. Ashe shi ma lissafin yake yi.

Bayan Isha'i bai tsaya hira ba. Da safe, da aka idar da Asuba, ya jira masallaci ya watse, ya matsa kusa da Malam Bawa liman. Ya ce tambaya ce wani mutum ya aiko shi da ita. Mutumin ya yi rantsuwa a kan wani abu, yanzu kuma yana ganin kamar barin abin ya fi.

Malam Bawa ya ce wannan mutumin, ko yana da mota mai tanki ruwan ɗorawa?

Haladu ya sunkuyar da kai. Malam ya ce ba wani abin wahala ba ne, da ma tun wata biyu yake jiran tambayar. Wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya yi abin da ya fi, ya yi kaffara, kuma ya halatta ya gabatar da kaffarar kafin ya karya. Haladu ya yi saurin cewa to zai yi azumi uku, don azumi tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba mai gani. Malam ya girgiza kai. Azumi na wanda ba shi da hali ne. Mai mota da tanki ba ya cikinsu. Miskinai goma zai ciyar, kowa mudu guda na abin da ake ci a gidansa.

Ya tambaya ko dole sai an sani. Malam ya ce a'a, ta ɓoye ma ta fi lada.

Da wannan ya fito yana jin iska. Don matsalar ba shinkafar ba ce. Ranar da bencin dama ya ji Haladu ya yi kaffara, to ya faɗa da bakinsa ke nan cewa Ittihad ba za ta kamo Ahli ba, shi da aka ba kan benci. Ya tsara abinsa tsaf. Zai fitar da shinkafar a ɓoye. Sauran kwanakin kuma za su riƙa ci da Na'ibi a kan rufin gida, inda katangar ba ta kai gwiwa ba, ba mai ganinsu sai tantabaru. In Na'ibi ya tafi, rantsuwa na nan tsaye a idon gahwa har ƙarshen kaka.

Ya auna mudu goma, ya ƙulla kowane a jakarsa, ya jera a ƙasan kujerar mota. Saura miskinai.

Nan ya gane aibin sana'arsa. Ba lungun da bai shiga da tiyo ba daga Sabil har Karantina. Ya fara da wata tsohuwa da yakan cika wa randa kyauta. Ya ce Inna, ga 'yar shinkafa. Ta karɓa, ta jinjina jakar a hannu, ta dube shi ta ƙasan ido ta ce, "Ta rantsuwar ce, Haladu?"

Ya ce wace rantsuwa, sadaka ce kawai. Da yake kuma ya faɗi haka, bai ga yadda zai sa ta a lissafi ba. Ya koma kanti ya auno wani mudun.

Sai ya tuna da bakin tashar jiragen ruwa. Kowace shekara bayan Hajji akan sami waɗanda suka zo ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, guzuri ya ƙare, suna zaman jiran jirgin da zai tsallakar da su. Ya karya sitiyari ya nufi can. A bayan masaukin alhazai, ƙarƙashin wata rumfar kwano, ya tarar da tsofaffi a zaune, kowa da ƙullin kayansa da butarsa. Mutanen wajen Gumel ne. Babbansu wani dogo mai farin gemu, Baba Yahya.

Bayan gaisuwa Haladu ya ce yana da tambaya ɗaya. Sun san Ittihad?

Baba Yahya ya juya ya dubi 'yan'uwansa. Ya ce a'a, ba su san shi ba, mutumin ina ne?

Haladu ya ji kamar an sauke masa dutse. Ya ƙirga su da yatsa, su goma sha ɗaya ne, amma ɗaya ya ce shi ɗansa na nan gari yana kawo masa abinci, a ba mabuƙata. Goma cif. Ya miƙa wa kowa jakarsa. Suka yi ta addu'a har ya ji kunya. Suka tambayi sunansa, ya ce bawan Allah. Suka tambayi unguwarsu, ya ce nan cikin gari. Ya hau mota ya ja, yana kallonsu ta madubi suna ɗaga hannu, bai kawo a ransa abin da suke kallo ba.

Ya yi niyyar ya sami Na'ibi a ranar, sai ya rasa ta inda zai fara. Ya bari sai gobe.

Washegari da La'asar gahwa ta cika, ana ta tattauna wasan Ittihad na jiya, wanda aka tashi ba ci. Othman na bayanin cewa wannan kunnen dokin ya fi wata nasarar, in mutum ya san ƙwallo. Haladu na kan benci, iskar fanka na kaɗa masa wuya. Sai surutu ya fara raguwa daga bakin lungu.

Tsofaffi ne su goma, a jere, kowa da sandarsa ko butarsa, ƙafafu sun yi furu-furu da ƙura. Baba Yahya a gaba.

Ashe ba su sha wahalar nema ba. Sun tambayi 'yan dakon tasha wace ce motar ruwa mai tanki ruwan ɗorawa da baƙi, mutum shida suka amsa a tare. Su kuma a garinsu ba a yi wa mutum alheri ya kwana biyu bai taka ya je godiya ba. Godiyar ma ba ga mai alherin kaɗai ake yi ba, don shi zai ce ba komai. Mutanensa ake samu, manyan unguwarsu da abokan zamansa, a faɗa musu abin da ɗansu ya yi, a roƙe su su taya godiya.

Baba Yahya ya yi sallama, ya duba ya ga Amm Saleh ne mai furfura, ya fuskance shi. Ya ce su baƙi ne, ba su da abin biya, shi ya sa suka tako. Ya nuna Haladu da sanda.

"Mun zo ku taya mu godiya. Wannan bawan Allah jiya ya same mu da shinkafa. Mu goma, kowa mudu guda, bai fifita wani a kan wani ba. Sai da ya ƙirga mu ma da yatsa ya tabbata mun cika goma."

Ba wanda ya yi motsi. Haladu ya ji fankar ta daina kai masa iska.

Othman ne ya fara magana, a hankali, kamar mai auna yadi. Ya ce goma. Kowa mudu guda.

Haladu ya ce sadaka ce.

"Sadaka ba ta ƙirga mutane da yatsa, Abu Mahmud."

Daga nan ba a sake jin maganar kowa ba. Bencin hagu ya kife da dariya, wani ya sauko ƙasa yana riƙe ciki, wani ya ce a rubuta ranar, yau Ahli ta ci wasan da ba ta buga ba. Wani ya je ya kama hannun Baba Yahya da hannu biyu ya ce sun taya, wallahi sun taya godiya, Allah ya maimaita. A bencin dama Othman ya ɗora hannu a ka. Ya ce shi abin da ya fi ba shi ciwo, da sauran wasanni har guda nawa mutum ya sallama. Amma shi ma gefen bakinsa na rawa. Tsofaffin suka tsaya suna murmushi, sun ga dai unguwa ce mai son ɗanta.

Haladu bai ga ko ɗaya daga cikin wannan sosai ba. Ƙarshen bencin hagu yake kallo. Kowa ma can ya koma kallo da dariyar ta lafa, don an san wanda ke da haƙƙin magana ta ƙarshe. Shekara goma sha tara Na'ibi bai taɓa samun ƙwallo a bakin raga irin wannan ba, ba mai tsaro, ba kowa.

Na'ibi ya ajiye kofinsa. Ya tashi, ya bi tsofaffin ɗaya bayan ɗaya ya gaishe su, ya tambayi gajiyar hanya. Sannan ya ce wa Amm Saleh a ba su shayi, kuma baƙon da ya tako daga tasha da ƙafa ba ya komawa bai ci abinci ba. Ya tsallaka lungu ya shiga gida. Aka ji yana kiran Mastura, aka ji Mastura na kiran Dela ta kan katanga.

Da aka sallame Magariba an shimfiɗa tabarmi har bakin gahwa. Tire uku aka fito da su, tuwo da asida a haɗe, har da kifin da Amm Saleh ya aika aka soyo. Tsofaffin suka rarrabu. Na'ibi ya zauna a tiren tsakiya da Baba Yahya da wasu biyu, ya bar gurbi a damansa, bai ce na wane ne ba. A sauran tiren biyu ma akwai wuri.

Haladu ya tsaya da buta a hannu ya daɗe yana wanke hannun da ba shi da datti. Benci biyu sun zuba ido. Zai iya zama a tiren gefe, ya ce ai sadaka ce kamar yadda ya faɗa, Othman zai karɓa ko bai yarda ba. Ya dubi gurbin. Kwana tara suka rage.

Ya ajiye butar, ya zagaya, ya zauna. Ya yi bismilla ya sa hannu.

Wani a bencin hagu ya fara tafi, Amm Saleh ya harare shi ya bari. Na'ibi bai dubi Haladu ba. Ya dai tura tsokar kifi gefensa da ɗan yatsa, ya ce ya ci a hankali, kada a ce a Sabil ba a ba mutane abinci.

Haladu ya haɗiye ta farko, ya haɗiye ta biyu. A ta uku ya ce kada wani ya yi zaton ya sallama. Kakar da sauran tafiya, kuma Ahli ba ta je Riyad ba tukuna. Na'ibi ya ce in sun je za su aiko masa da tsaraba. Haladu ya ce a Yanbu ma ai rediyo na kamawa, zai ji da kunnensa. Na'ibi ya ce zai ji, kuma zai sa a rubuto masa wasiƙa duk mako don kada ya manta lissafi. Othman ya jefo tasa daga benci, aka mayar masa. Kafin a cinye rabin tire lungun ya koma yadda aka san shi.

Baba Yahya yana ci yana bin bakunansu da kallo. Can ya ce a gafarce shi, shi baƙo ne, amma yana so ya fahimta. Amm Saleh ya matso da kujerarsa ya warware masa tun daga farko: ƙungiya biyu ce ta masu buga ƙwallo, wannan na son ɗaya, wannan na son ɗaya, ga abin da aka rantse a kai, ga watannin da aka yi, ga dalilin shinkafa.

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. Ya suɗe yatsunsa, ya dubi Na'ibi, ya dubi Haladu da loma a hannu.

"To su waɗannan Ittihad ɗin, ɗana, sun san ka yi wata biyu ba ka ci da maƙwabcinka ba saboda su?"